Shirun da ke Tsakiyar Guguwa

Ni dai guguwar da na sani ita ce ta bayan gidanmu a Kano, wadda ke kwasar leda da ganye ta murɗa su sama, mu yara mu yi a'uziyya mu ruga. Kafin ka ce kwabo ta watse. Ashe akwai wadda ake zama ana kallon tahowarta kwana da kwanaki, kamar baƙon da ya aiko cewa yana tafe.

A Bukit Jalil, can ƙasar Maleshiya, na san wannan, lokacin kullen korona. Maigida na ɗaki yana fama da karatunsa, ni kuwa zaman gida ya ishe ni. Ƙofarmu tana kallon ta wata ɗaliba 'yar Filifin, muna gaisawa daga nesa, kowa da takunkuminsa. Wata rana na fito karɓar abincin da muka yi oda na tarar da ita a baranda ta ƙura wa waya ido. Ni da ba na ganin abu in yi shiru, na tambaye ta ko lafiya. Ta miƙo wayar iya tsawon hannunta. Wani farin abu ne a kan teku yana juyawa kamar ana dama fura, da ɗigo a tsakiya. Ta ce guguwa ce ta nufi tsibirinsu, kuma mahaifiyarta na can ita kaɗai. Ga iyaka a rufe, babu jirgi.

Daga ranar na kamu. Na sauke taswirar a wayata, ko tuwo nake tuƙawa ina leƙawa. Maigida har tsokanata yake, wai ashe mai hasashen yanayi ya aura bai sani ba. Na koyi cewa layin da ake ja a gaban guguwar zato ne, tana iya karkata, kuma ruwan tekun da take turowa cikin gari ya fi iskar ɓarna. Abin ya ɗaure mini kai, wallahi, har da tsoro.

Ranar da ta sauka, da hantsi, muna barandar sai tsohuwar ta kira. 'Yar ta fassara mini: iska ta tsaya cak, har rana ta leƙo, za ta fita duba kajinta. Na yi hamdala da ƙarfi, domin a garinmu in hadari ya zubar ya yi shiru to ya wuce ke nan, sai a fito sharar tsakar gida. Sai na ga idanunta sun canza. Ta nuna mini ɗigon nan, ya hau kan tsibirin daidai.

"Idonta ne," in ji ta. "Rabi ya wuce, rabi na tafe."

Ta koma kan wayar tana roƙon uwar da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane. Ana cikin haka layin ya yanke, ba mu san ko tsohuwar ta fita ba.

Na riƙa ajiye mata abinci a bakin ƙofa, yawanci yadda na ajiye haka nake ɗaukewa. Taswirar ta nuna guguwar ta yi gaba abinta, amma ba ta nuna tsohuwa. Raina ya ɓaci da ita, na daina dubawa.

Ina shanya wata safiya aka buga mini ƙofa. Ita ce, tana kuka tana dariya, muryar tsohuwa na ta tashi daga wayar.

"Faɗa take mini," ta ce. "Wai na hana ta fita, ga shi kajinta sun tafi har da akurkinsu."

Na manta da wata korona, na rungume ta.