Na Takwas a Rawar Sanda

Nicanor Berrocal kafinta ne a ƙauyen Navalejo, mutum mai taurin kai na ƙin ƙarawa, kuma shekararsa hamsin da ɗaya ke nan cikin 'yan rawar sanda. Ubansa ne ya farfaɗo da ƙungiyar bayan ta mutu murus, lokacin da samarin garin suka watse neman aiki a Madrid da Jamus. Tsohon ya bi gida-gida yana lallashi, da ƙyar ya haɗa mutum bakwai, ya cika na takwas da ɗansa mai shekara goma sha shida. Tun daga nan ba a taɓa fito da mutum-mutumin waliyyin garin daga coci ranar bikinsa ba tare da an yi rawa a gabansa ba.

Rawar kuwa ba ta yiwuwa da mutum bakwai. Biyu-biyu ake tsayawa, kowa da gajerun sanduna biyu masu tauri kamar ƙarfe, ka buga da wanda ke gabanka, ka juya ka buga da na gefenka. In ka makara da ƙiftawar ido, yatsun wani ne za su ji a jikinsu.

Nicanor ne ke sassaƙa sandunan. Shi ke kwasar 'yan rawar a tsohuwar motarsa duk wata zuwa gidan kula da tsofaffi, su yi rawa a gaban waɗanda ƙafa ta ƙi. In ɗan ƙungiya ya mutu, su ke raka shi maƙabarta da ganga. Da maza suka ƙare, shi ya fara cewa a sa mata. Shekara guda ana zaginsa a mashaya, ko a jikinsa. A lokacin su takwas ne cif, babu ko ɗaya na ajiya.

To, bayan Kirsimeti sai idonsa na hagu ya fara dushewa. Likita a birni ya ce jijiya ce, babu gyara. Nicanor ya dawo gida ya hana matarsa Obdulia faɗa wa kowa. Ita kuwa ba ta ɓoye masa ba, ta ce masa ƙarara zai karya wa 'yar mutane hannu saboda girman kai. 'Yar mutanen ita ce Herminia, mai gashin burodin garin, wadda ke tsayawa a hagunsa. Shi ya koya mata riƙon sanda, kuma da hannuwan nan biyu take ciyar da kanta da uwarta.

Sau biyu a wurin gwaji ya bugi iska. Ya ce rana ce ta kashe masa ido, ya ce makaɗin ne ke gudu kamar an biyo shi. Aka yi dariya aka wuce. Shi kaɗai ya san tsoron da ke cin sa. In ya faɗa, bana babu rawa, kuma a hannunsa za ta mutu. In ya yi shiru, Herminia ce a bakin sandarsa.

Ranar bikin, cikin watan Agusta, tun hantsi zafi ya sauko. Suka fito cikin fararen kaya, ƙararrawa a ƙwauri, suna rawa da baya-baya don ba a juya wa waliyyi ƙeya. Raye-rayen hanya masu sanyi ne, ya lallaɓa ya fita lafiya, yana karkata kai kamar kaza mai kallon shaho. Amma ta ƙofar coci ita ce ta ƙarshe, mai gudu, kuma sau goma sha ɗaya bugu ke zuwa ta hagu.

Aka tsaya shan ruwa. Obdulia na cikin taro, ta kafe shi da ido. Ya matsa kusa da Herminia ya yi ƙasa da murya.

"'Yar nan, ba na ganinki ta wannan gefen. Tun hunturu."

"Haba Kawu, sai yau? Wata nawa kana wuce ni a hanya ba gaisuwa, ka ɗauka ban gane ba?"

Ya ce zai je ya gaya wa makaɗi a bar rawar. Ta riƙe masa hannun riga.

"Kai dai ka buga inda ka saba. Ni zan kawo sandata."

Ya kamata ya ƙi. Ya san ya kamata ya ƙi, amma son abin ya fi ƙarfinsa, ya koma layi.

Ganga ta tashi, algaita ta bi. Bugun hagu na farko, itace ya amsa itace. Na biyu, na uku, haka. Yana ƙirgawa a zuci, gumi na shiga idon mai kyan. A na bakwai kiɗan ya ƙara wuta, mutane suka fara tafi. Na takwas lafiya. A na tara sandarsa ta sauka a kan abu mai laushi, ya ji shi har kafaɗa.

Herminia ba ta yi ko tari ba. Na goma ya zo daidai, na goma sha ɗaya ma. Suka durƙusa gaban waliyyi, taro ya ɗauki sowa. Sai a lokacin ya juyo da kansa gaba ɗaya ya gani: yatsunta biyu sun karkace, sandar na hannunta har yanzu don ta kasa sakinta.

"An yi ta bana," in ji ta, haƙora a cije.

Shi ya kai ta asibiti. Ƙaramin yatsan bai sake lanƙwasuwa ba. Da kaka ta shigo ya tara ƙungiyar a shagonsa ya faɗa musu komai, ya ajiye sandunansa a kan teburin aiki ya ce duk mai so ya ɗauka. Yanzu yana bin gida-gida da yamma yana lallashi, ana ba shi kofi ana ba shi haƙuri. Saura wata biyu biki, su bakwai ne.