Ranar da Vendel Ya Haƙo Motocin Unguwa

Vendel ƙanena ne, shekara huɗu na ba shi. A injin yanka katako na ƙauyenmu yake aiki tun yana ɗan shekara sha takwas, a nan gindin duwatsun Orava. Dogo ne mai manyan hannaye, ga saurin dariya, sai dai cikinsa ba ya riƙe magana. Ranar da ya sayo zoben neman auren Bronka, kafin ya isa gidansu direban bas ya riga ya yi mata murna.

A shekarar da nake ba ku labari, 'yarsu Dorka tana da shekara huɗu, Bronka kuma tana da cikin wata bakwai. Vendel ya rantse wannan Kirsimetin matarsa ba za ta san abin da ya tanada ba. Ya sassaƙa wa Dorka keken katako na zamiya a kan ƙanƙara, ya shafe shi da jan fenti, ya saya wa Bronka takalman sanyi masu gashi a ciki. Ya kulle su a but ɗin tsohuwar motarsa, ya ajiye ta a filin bayan coci inda 'yan layinmu ke barin motoci. Daga nan ya gaya mini, ya gaya wa Fada na cocinmu, ya gaya wa mai shago, yana roƙon kowa ya yi shiru.

Sai dusar ƙanƙara ta sauko, kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Da safiyar jajiberen Kirsimeti ina tsaye kan miyar kabeji ya faɗo mini kicin, hularsa fara fat.

"Yaya, ɗauko shebur."

"Miyata na kan wuta."

"Miya ba ta zuwa ko'ina. Motata ce ta ɓata."

Da muka isa filin, babu mota ko ɗaya. Tudu takwas ne farare a jere, kamar curin burodi kafin a gasa. Vendel ya ƙare musu kallo, ya ce tasa ce ta uku daga katanga. Muka duƙufa. Bayan rabin awa baƙin rufi ya bayyana, alhali tasa koriya ce. Ashe ta Fada ce, ya leƙo ta taga da kofi a hannu.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Tun jiya nake tunanin yadda zan fito da ita."

Ta biyu ta malamar makaranta ce. Ta uku ma ba mota ba ce, tarin itacen girkin Goggo Hermina ne, tsohuwar da gidanta ke jingine da filin. Ta fito da butar shayi da kek, tana cewa ashe har yanzu akwai yaran kirki. Kafin a jima unguwa ta taru. Kowa ya san abin da ke cikin but ɗin, kuma kowa sai ya nuna tudun da tasa motar take.

"Vendel, na rantse a nan na ga taka."

"Kada ka saurare shi, wannan ta ƙarshen ce. Na gane ta daga ƙusumbinta."

Shi kuwa duk wanda aka nuna masa sai ya auka. Ni dai dariya ta ci ƙarfina, na yar da shebur na zauna cikin dusar ƙanƙara, hawaye na daskare mini a kumatu.

Wajen tsakar rana sai ga Bronka tana takowa a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da Dorka.

"Vendo, me kake nema?"

Ya dubi yarinyar. A wajenta Jariri Yesu ne ke kawo kyaututtuka, ba a zancen but a gabanta.

"Motsa jiki nake yi."

"Na gani. Har ka motsa na mutum shida." Ta jawo wuyan rigarsa, ta yi ƙasa da murya, amma duk mun ji. "Motarka tana rumfar Baba tun ran Litinin. Ni na kai ta."

"Da wane makulli?"

"Wanda kake bari a aljihun kwat."

"To don me?"

"Kai kaɗai ke da abin ɓoyewa? Nawa yana ƙarƙashin kujera."

"Kin buɗe but?"

"Me ke cikin but?"

Vendel ya buɗe baki, Goggo Hermina ta yi wuf ta cusa masa yankan kek. Aka tuntsire da dariya, har Dorka da ba ta san dalili ba. Masu tudu biyun da suka rage suka ce ai bai kamata ya nuna bambanci a rana irin wannan ba. Ya haƙo musu.

Da tauraron farko ya fito muka zauna a teburinsu. Aka ci waina da zuma, aka sha miyata, aka kawo soyayyen kifi. Dorka ta ƙi taɓawa, don kwana biyu kifin yana iyo a bahon wankansu har ta raɗa masa suna. Na sulale ɗaya ɗakin na kaɗa 'yar ƙararrawa, alamar Jariri Yesu ya zo, ta kwasa da gudu. Da ta ga jan keken a gindin bishiyar Kirsimeti sai ta haye, ta ce a nan za ta kwana.

Takalman ba su shiga ƙafar Bronka ba, ciki ya kumbura mata ƙafafu. Ta zura su a hannu tana tafa su, tana rawa daga zaune. Vendel ya kwance nasa ƙunshin, sai ga safar hannu ta fata. Ya dubi tafukansa da suka yi bororo.

"Da kin ba ni da safe."

"Da ka tambaye ni da safe."

Washegari bayan an taso daga coci Vendel ya ɗora Dorka a gabansa kan jan keken, suka gangaro daga tudun makaranta, suka wuce ta tsakiyar masu gaisawa, suka ƙare a cikin shingen Goggo Hermina. Yarinyar ta tashi da dusar ƙanƙara har cikin kunne tana cewa a sake. Sau tara suka yi, na goma Fada ya tattare rigarsa ya ce a ba shi aro.

A watan Fabrairu Bronka ta haifi namiji, suka sa masa Metod. Da takalman ta je bikin baftismarsa.