Kaset Sittin Masu Jan Rubutu

Pantai Dalam, 6:20 na safe

Ina idar da sallar asuba na saɓi jaka na fita, gari bai waye ba. Ranar Asabar ce, ranar da kamfanina zai fitar da kaset ɗinsa na farko. Na ce kamfani, amma ni ne kawai da teburin karatuna. Kiɗan da na ɗauko kuwa sunansa hardcore punk: ganga a guje, jita da ƙara, mawaƙi na ihu kamar an taka masa yatsa. Mutanen gida ku yi haƙuri, ni dai yana min daɗi.

Na yi wa Aina, mawaƙiyar ƙungiyar da na naɗi waƙoƙinsu, alkawarin kaset sittin za su isa wajen wasansu a Sentul kafin ƙarfe uku. Idan na saɓa, ba mai sake ba ni waƙarsa.

Taman Melati, 7:15

Minti arba'in a LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, ina ta murmushi ni kaɗai. Na karya da roti da shayi a mamak, wato shagon mai shayi, ringgit huɗu kuɗin ƙasar nan, na zauna jiran Pak Cik Rahim, wato Baffa Rahim, dattijon da ya tsufa yana kwafar kaset ɗin wa'azi, wanda na ba aikin kwafar nawa.

Ƙarfe tara ya buɗe shago, ya tarbe ni da fuskar ta'aziyya. Wai ya kwafe duka, ya saurara, ba komai sai kururuwa, lallai injinsa ne ya ɓata su. Don kada su cuɗanya da masu kyau, ya bi kowanne da jan alƙalami ya rubuta "rosak", wato lalatacce.

Na sa ɗaya a rediyonsa. Lafiya lau, daidai yadda muka naɗa.

"Pak Cik, ai waƙar ke nan."

Ya daɗe yana dubana. "Da gangan?"

Rubutun ya ƙi gogewa, sabbin kaset kuma sai Litinin. Na rungumi kwalin haka nan.

Sentul, 2:30

Na sauya jirgi a Masjid Jamek, na sauka Sentul, na hau ɗakin wasan da ke saman wani shagon taya. Aina ta buɗe kwalin ta ga jan rubutun, na fara ba ta haƙuri ina faɗa mata yadda aka yi. Sai ta fashe da dariya. Da suka hau dandali, kafin su buga komai, ta ɗaga kaset ɗaya ta ba jama'a labarin dattijon.

Layin masu saye ya kai har matattakala. Wani ma ya dawo da nasa, wai "rosak" ɗinsa bai fito sosai ba, in canja masa. Kafin la'asar kwalin ya zama wayam, ni kuwa baki har kunne.

Gida, 6:50 na yamma

Na iso lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Aina. Sannan na kira Pak Cik na roƙe shi ya yi mana jan rubutunsa a kan kaset na gaba ma.

"Boleh lah," in ji shi, wato ya yarda. "Amma kada ka sake sa ni saurare."