Daron Kawu a Kan Eriya

Lokacin da nake karatun digiri na biyu, aikina shi ne awon wata iska da ke can ƙololuwar sama, wadda hasken rana ke cikawa da lantarki. Saƙon tauraron ɗan'adam sai ya ratsa ta kafin ya iso ƙasa, kuma daga jinkirin da yake yi ake gane kaurinta. Malamina so yake a ga yadda kaurin ke sauyawa daga rani zuwa damina a wajenmu, a gwada da na wata tasha a kudancin duniya. Sharaɗin ɗaya ne: a yi awon a shekarar da rana ta lafa. Ita ma rana tana da shekarun tashin hankali da na kwanciya, kuma in kwanciyar ta wuce, sai an jira wajen shekara goma sha ɗaya.

Ni da rawar kai na ce a kai na'urar awon can garinmu, Geza. Na kafa eriya a kan ɗakin Kawu, wan mahaifiyata, na ajiye akwatin na'urar da batirin sola a cikin ɗakin. Kawu mutum ne mai adana. Keken da ya saya tun ina firamare har yau da ledarsa a sirdi. Na ce masa kayan makaranta ne, a kula da su. Ya ce an gama.

Sai annoba ta zo, aka hana tafiye-tafiye, na maƙale a makaranta. Waya kuwa a wajenmu sai addu'a. Wani lokacin layin ƙasar Binin ne ke kama ta, ka ji mace tana zuba Faransanci. Sai ranar da Kawu ya shiga Bagudo muke samun juna.

"Kawu, wutar akwatin tana ci?"

"Tana nan kore shar, ɗana. Kak ka damu."

Ban damu ba kuwa. Har alfahari nake yi wa abokan karatu.

Ana yankan gero na samu hanya. Tun daga nesa, ina kan kabu-kabu, na hango wani abu yana ƙyalli a kan ɗakin. Daron ƙarfe ne aka kife a kan eriyar, aka ɗaure shi tamau da waya, aka kuma ɗora masa dutse.

"Kawu, mi ag ga kan ɗaki?" Ko gaisuwa ban gama ba.

Ya yi murmushi. "Ruwan hwari da anka yi, har da ƙanƙara. Nic ce abin makaranta ba ya lalacewa hannuna. Daron matata na, innarka, sabo. Sai da munka yi hwaɗa kahin ta ba ni."

Saƙo ba ya ratsa ƙarfe. Na buɗe kwamfuta: awon lokacin sanyi yana nan, na bazara yana nan, daga nan wayam. Damina sukutum, wadda don ita aka yi aikin, babu ko layi ɗaya. Garin neman gira an rasa ido.

Na zaga bayan rumbuna na yi ta huci. Takaici ya cika ni, ga shi na rasa wanda zan sauke wa. In yi wa dattijon da ya hau tsani cikin iska faɗa?

Da na dawo na yi masa bayani a hankali. Ya murza hularsa, sannan ya hau da kansa ya kwance wayar, ya ƙi bari in riƙe masa tsanin. Eriyar fes, kamar ranar da aka fito da ita daga kwali.

"To, damina mai zuwa sai mu bash shi buɗe," in ji shi, bai dube ni ba.

Rana kuwa ta riga ta fara fita daga shekarunta na kwanciya, kuma makaranta ba za ta jira ni shekara goma ba. Na buɗe baki in gaya masa, sai na ga yadda ya rungume daron.

Na ce, "To, Kawu. Allah shi kai mu."