Tayar Da Ta San Hanyar Gwaram

Ranar wata Alhamis ce, a farkon daminar shekara ta biyu da ba mu jihar Jigawa, ina aji biyar a firamare. Na taso daga makaranta na tarar da ƙofar gidanmu a Birnin Kudu cike da mutane kamar ana suna. Da na kutsa, sai ga wani ƙaton jan babur mai rufaffen gaba, maza uku suna tura shi suna haki. A gefe Kawu Lawan ne, ƙanen Innarmu, wanda ya shekara huɗu yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Ikko, rungume da hular kwano. Tun daga Kudu ya tuƙo babur ɗin, kwana uku a hanya, sai da ya zo bakin gari tayar baya ta gaza. Ta cinye har zaren ciki ya fito fari, ta gaba ma ta yi sumul kamar tafin hannu.

Gidanmu yana ƙarshen gari ne, daga shi sai gonaki da duwatsu. Baba yana noma gero da dawa da gyaɗa a kan hanyar Kiyako, kuma da damina gidan kan zama kamar kango daga hantsi har la'asar. Ni ce mai share tsakar gida da sassafe, ni ce mai jawo ruwa a rijiya in cika randuna, in tsinko rama a bayan danga, in ɗaure awaki a gindin darbejiya. Da yake ni kaɗai ce mace a cikin maza huɗu, wasan maza na fi iyawa. 'Yan mata suna 'yar carafke da gaɗa, ni kuwa ina can cikin masu gara tsohuwar tayar keke da kara, muna tsere daga ƙofar gida zuwa turken shanu. Inna takan ce, "Dije, ke kam an yi kuskuren ɗaura miki zane." Ban taɓa jin haushin maganar ba.

Kawu ba wurinmu ya nufa ba tun asali. Maruta za shi, can ƙasar Gwaram, inda kakarmu take kwance ba lafiya. Da zai tafi Ikko ya yi mata alkawarin ba zai dawo a motar haya ba, sai a kan abin hawansa, shi ya sa ya ƙi jin shawarar Baba ta ya bar babur ya hau motar kasuwa. Ya kuma ce da ni zai tafi, don kaka ta aiko tana son ganin takwararta. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba saboda murna.

Masu facin garin duk sun zo sun duba sun girgiza kai. Tayoyin ba su da roba ta ciki, faɗinsu ya ninka na baburan da muka sani, kuma akwai lambobi a gefensu da ba wanda ya san ma'anarsu. Sai aka tura Kawu wurin Baba Bitrus, wani dattijo Kirista ɗan ƙasar Filato da ke sayar da kayan babur kusa da tasha, ni kuma na bi shi riƙe da takardar da ya kwafe lambobin. Baba Bitrus ya sa tabarau ya karanta, ya yi mana bayani a tsanake: lamba ta farko faɗi ce, ta biyu tsayin gefe, ta ƙarshe girman ƙarfen da tayar ke zama a kai. Ya ce babur irin wannan ba a sa masa gaba iri ɗaya baya wani iri, dole su zama 'yan gida ɗaya. Ya ce akwai mai laushi da ke kama kwalta idan ta yi zafi amma ba ta son ruwa da yashi, akwai kuma mai zurfin zane da ta fi dacewa da damina da hanyar burji irin ta Maruta. Ita wannan ta biyun sai ya aika Kano, kuma sai an yi sati uku.

Kawu ya ce ba zai iya jiran sati uku ba. Sai Baba Bitrus ya shiga can ƙuryar shago ya fito da tayoyi biyu, gaba da baya, lambobinsu daidai da na takarda, baƙi wuluk suna sheƙi. Ya ce wani direban motar kaya ne ya kawo masa su daga Kano cikin tarkace. "Malam Lawan, ba na son sayar maka da su," in ji shi. "Zanensu bai ci ba ko kaɗan. Ban san abin da ya raba su da babur ɗinsu suna sababbi haka ba." Kawu ya yi dariya ya ce sa'arsa ce ta kawo su. Aka yi za a ɗaura su ranar Litinin, idan Baba Bitrus ya aro ƙarfen da ake buɗe irin wannan ƙafa. Muka ɗauko su zuwa gida, aka jingine su a ɗakin da muke ajiye buhunan iri.

Tun daga ranar awakinmu suka daina kwanciya a inuwar ɗakin nan, alhali nan ne wurinsu. Kaza mai kwanci a bayan buhuna ta bar ƙwanta ta fita. Da na shiga ɗebo gyaɗa sai na ji ɗakin yana ƙaurin roba mai zafi, irin wanda ake ji a bakin titi idan mota ta taka birki, ga shi kuwa ɗakin ƙasa ne mai sanyi. Na faɗa wa Inna, ta ce sabuwar roba haka take, in je in gama wanke-wanke.

Ranar Asabar da tsakar rana kowa ya tafi gona, Inna ta shiga maƙwabta barka, Kawu ya fita. Tun muna ƙanana ake hana mu yawo idan rana ta take, ana cewa lokacin ba namu ba ne. Amma tayar gaban nan ta tsaya mini a rai. Bayanta a zagaye yake kamar ƙwarya, na san za ta yi gudun da tayar keke ba ta taɓa yi ba. Na fito da ita ƙofar gida, na tsayar da ita, na ɗan buga mata kara sau ɗaya.

Sau ɗayan nan ne kawai na taɓa ta. Ta wuce turken shanu inda tayoyinmu ke faɗuwa, ta bi ta cikin yashin da ke tsayar da keke, ba ta rage gudu ba. Daga gidanmu zuwa titi hawa ne, ba gangara ba, amma ta haye. Ina bin ta da gudu, silifas ɗina ɗaya ya cire ban tsaya ba. Babu kowa a waje, ko kukan tsuntsu ban ji ba, sai wani ɗan sauti da take yi a ƙasa kamar ana jan numfashi ta haƙora. Da ta isa mararraba sai ta kwanta gefe ɗaya, ta sha kwana zuwa hanyar Gwaram, ta sake miƙewa. Duk wanda ya taɓa gara taya ya san idan ta karkata haka faɗuwa za ta yi. Ita ba ta faɗi ba. Ta ci gaba har wata kwana mai kwalbati a gindin wani dutse, inda ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. A nan ta yi tsalle kamar an harbe ta, ta faɗa cikin ramin, ta kwanta.

Na daɗe a tsaye kafin in sauka. Da na kai hannu sai na ji ta da zafi, har na janye. A gefenta wani dogon tsagi ya buɗe, kamar tsawon yatsana, baƙin abin da aka shafe shi da shi ya manne mini a hannu. Na saɓo ta a kafaɗa, don ban yarda in sake ajiye ta a ƙasa ba, na dawo gida ina waiwaye. Na mayar da ita ɗaki, na juya tsagin wajen bango.

Ranar Lahadi ban ci abincin kirki ba. Na san idan na faɗa, zan sha dukan taɓa kayan manya da na fita tsakar rana, kuma tafiya Maruta ta rushe. Idan na yi shiru, jibi ni ce a bayan Kawu a kan wannan taya, kuma ta kwanar nan za mu bi. Inna tana ninke mini kaya a leda, tana ƙulla wa kaka kuka da daddawa, ni kuwa ina zaune a bakin murhu ina kallonta. Da la'asar na tarar da Kawu a zaure yana goge tankin babur. Na durƙusa na ce, "Kawu, na yi laifi." Na faɗa masa komai, har hawan da ta yi da kwanar da ta sha. Na sunkuyar da kai ina jiran mari. Marin bai zo ba. Can ya ce, "A wane kwalbati ta faɗi?" Na kwatanta masa. Ya ce in sa takalmi.

Baba Bitrus bai daɗe da dawowa daga coci ba, muka same shi a gida. Ya juya tayar a hasken rana, ya tura yatsa cikin tsagin, ya leƙa ciki. Ashe gefen ya taɓa yagewa, wani ya liƙe shi da gam ta ciki, ya shafe waje da baƙin man takalmi. Ya ce da an hura mata iska za ta riƙe, za ta yi tafiya lafiya a miƙaƙƙiyar hanya, sai an kwantar da babur a kwana cikin gudu sannan ta buɗe. Da Kawu ya faɗa masa inda ta je ta faɗi, sai dattijon ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce bara da rani wani baƙo matashi a kan babban babur ya faɗi a wannan kwalbatin da tsakar rana, bai shura ba, 'yan uwansa suka zo suka kwashe babur ɗin zuwa Kano. Manya duk sun san labarin, mu yara ne aka ɓoye wa. A gabanmu ya ɗauko wuƙa ya yanyanka tayoyin biyu yadda ba wanda zai sake sayar da su. Daga baya ya tambayi direban da ya kawo su, shi kuma ya ce abin da ya sani kawai, mai tarkacen ya gaya masa daga wajenmu aka kawo babur ɗin.

Washegari muka hau motar kasuwa zuwa Maruta, ni da Kawu, a matse tsakanin buhunan taki. Kaka ba ta ko tambayi babur ba. Ta riƙe hannunsa ta riƙe nawa, ta ce mun yi ƙiba. Kwana tara bayan nan ta rasu, tun sababbin tayoyin da Baba Bitrus ya aika a kawo ba su iso daga Kano ba.

Yanzu an shimfiɗa kwalta a wuraren da muke gara taya, gidaje sun cinye gonakin bayanmu, ɗana kuma ta waya yake zaɓen tayar babur ɗinsa a aiko masa, bai taɓa ganin fuskar mai sayarwa ba. Baba Bitrus ya koma garinsu da tsufa, ban sake jin labarinsa ba. Da sallar bara na je gaida Kawu Lawan a Maruta, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na tambaye shi abin da ya hana shi dukana ranar. Ya ce a ranar Asabar ɗin yana zaune a gindin wata tsamiya kusa da mararraba, ya ga tayar ta wuce, ya gan ni a baya. "Rana tana tsaka, ke inuwarki tana ƙarƙashin ƙafarki," in ji shi. "Ita kuwa tata doguwa ce, ta babur sukutum, da mutum a sunkuye a kai. Na ce rana ce ta buga mini kai. Da kin yi shiru, Dije, da na ɗaura su."

Muka zauna a kan tabarma har aka kira la'asar. Ina kewar zamanin nan da mutanensa, amma har yau ba na fita idan rana ta take.