Durƙuson Da Na Hana Kyamara

Ko zan tsufa har haƙorana su zube in koma shan kunu zalla, yammacin nan na cikin rairayi ba zai fita daga kaina ba.

Ina 'yar shekara goma sha huɗu, muna zaune a unguwar Abu Hamour, can ƙasar Larabawa, wani kamfanin talla ya zo makarantarmu neman yaran da za su fito a fim ɗin talla, aka zaɓe ni. Kafin la'asar na sanar da dangin Kano kaf, har jaririn da ba a raɗa wa suna ba. Ƙawayena kuwa na ce su fara koyon yi mini magana da ladabi tun kafin in yi musu nisa.

Aka kwashe mu zuwa bayan gari. Rana tana gangarawa, rairayin ya yi ja kamar garwashi, iska na kaɗa labulen tanti a hankali, hayaƙin turare yana lilo a sama. Ji na yi kamar ina yawo cikin mafarkin wani.

Mai ɗaura mana kaya wata dattijuwa ce 'yar Zangon Kumasi. Jin Hausa a bakinta, sai na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, yadda Mama ta horar da ni.

Ashe daraktan, wani dogon Bature, ya hango mu. Ya taho da sauri yana tafa hannu, wai in maimaita masa, amma a gaban wata farar mata da aka kishingiɗar a kan kilisai. Aka miƙo mini butar gahawa. Ni sarauniyar rawar kai, na zube. Ita an ajiye mata kyamara a ƙasa tana kallonta sama, ni kuma aka ɗaga tawa bisa kafaɗarta tana leƙo ni.

Da na je kallon abin a ƙaramin allonsu, na nemi kaina na rasa. Matar ta cika allon kamar wata ɗan daren sha huɗu. Ni kuwa tsakiyar ɗankwali ce da baƙaƙen hannaye biyu. Ko Mama ba za ta shaida ni ba.

"Yalla, maza a sake!" in ji daraktan. "Ki ƙara sunkuyawa."

Dattijuwar ta matso kamar za ta gyara mini ɗankwali. "'Yata," ta raɗa mini, "ni kika yi wa wannan gaisuwa, na kuma karɓa. Ita wannan, goggonki ce?"

"Mma, in na ƙi cire ni za su yi. Na riga na cika baki!"

"To, bakin naki ne, gwiwar ma taki ce."

Na koma na tsaya ƙiƙam, na zuba gahawar a tsaye. Daraktan ya yi magana, ya sake yi, sannan ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Aka kira wata yarinya.

Na sha tsiya a makaranta, wai tauraruwar da ta faɗi tun ba ta fito ba. Dangin Kano har yau tambaya suke yaushe za a haska ni.

Har gobe ina durƙusa wa manya, da daɗin raina. Amma tun ranar, duk wanda ya ce in sunkuya, sai na fara duba inda ya ajiye kyamararsa.