Shekarar da Halleluya Ta Ɓace wa Rikilda

Rikilda tana da shekara bakwai ubanta, wani makiyayi daga bakin kogin Weser, ya kawo ta gidanmu na mata 'yan zuhudu, ya danƙa ta, ya juya ko waiwaye bai yi ba. Ba wayo gare ta ba, in ta ɗauki tulu sai ta fasa. Murya kawai Allah ya ba ta. Tsohuwa Hadwig, mai jan waƙa a coci, ta ji ta sau ɗaya ta ce wannan tata ce.

Waƙar ibadarmu ba ganga ba garaya, murya ce zalla, kuma daga baki ake karɓarta. Hadwig ta rera, yarinya ta maimaita, in ta kauce tsumagiya ta sauka a bayan hannu. Littafi kam akwai, amma kada ya ruɗe ka. A saman kalmomi an yi ɗigo-ɗigo da 'yan ƙugiyoyi kamar sawun kaza, suna cewa murya ta hau ko ta sauka, ba sa faɗin iyakar hawan. Wanda ya sani suke tunasarwa, wanda ya manta sai dai ya yi ta kallo.

Da Hadwig ta rasu Rikilda ta gaje ta, har ita ma ta yi furfura a kan aikin. Abin alfaharin gidan shi ne Halleluyar Ista, idin tashi daga matattu, wadda murya ɗaya ke ɗauka ta yi ta lanƙwasawa har numfashi ya kusa ɗaukewa. Sauran mata farkonta kawai suke amsawa. Doguwar tsakiyar, mutum biyu ne suka riƙe ta a duniya, Rikilda da mataimakiyarta Gisla.

Kowace shekara kafin babban azumi muna binne Halleluya. A rubuta kalmar a guntun fata, a sa a ɗan akwati, a rufe da ƙasa a bayan coci, babu mai sake furta ta ko a ɗakinsa sai ran Ista. A wannan shekarar, ƙasar ramin ba ta gama kwanciya ba zazzaɓi ya ɗauke Gisla.

Wata safiya Rikilda na tsince wake a madafa, tana bin waƙar a zuci. Ta kai tsakiya, sai ta ji wayam. Ta koma farko, ta sake zuwa, wayam. Gumi ya keto mata duk da sanyin da ake yi.

"Ke lafiya?" in ji Oda mai girki. "Kin zuba tsakuwa a tukunya, wake a ƙasa."

"Oda, tsakiyar ta tafi."

"Tsakiyar me?"

"Wadda aka binne."

Oda ta ajiye ludayi. "To ki shiga rumbu ki rera a hankali mana, 'yar'uwa, ƙila baki ya tuna. Ɓeraye ba sa kai ƙara."

"Allah ya kiyaye! In tono abin da aka rufe da addu'a? Da wace fuska zan tsaya gaban bagadi?"

Ta je wurin shugabar gidan, Uwa Ermengard, ta durƙusa, ta tambaya ko an yarda a gwada waƙar ko da baki a rufe. "A'a, 'yata," in ji Uwa. "Abin da ya zauna a bakinki tun kina yarinya ba zai gudu a wata biyu ba." Rikilda ta kasa cewa ya riga ya gudu. Ta koma kan littafi, sawun kaza ya ce mata hau, hau, sauka, bai ƙara komai ba. Ta rame, ta daina cin ko ɗan kifin da ake bayarwa. Ba kunyar mutane ke cin ta ba. Tsoronta a ce waƙar da ta bi baki-baki tun kafa gidan, a hannunta ta mutu, kuma za a tambaye ta.

Safiyar Ista coci ya cika har ƙofa. Rikilda ta hau matakala, ta ja farko, mata suka amsa. Ta ci gaba ita kaɗai, ta iso gurbin da ta manta. Baki a buɗe, ba abin fitarwa, kuma ba a yin shiru a nan. Sai wani karin waƙa ya taso mata daga can ƙasa, ya hau, ya hau, ya sauka, daidai da littafi. Ta bi shi. Tana cikin bi ta gane shi: kiran da uwarta ke yi wa shanu da yamma.

Aka tashi, Uwa Ermengard na share hawaye, ta ce ba ta taɓa jin an rera ta haka ba. Oda ce ta raɗa wa Rikilda a bakin madafa, "Da kika kai tsakiya, saura kaɗan in ɗauki akushi in tafi tatsa." Rikilda ta damƙe mata hannu har ta yi ƙara. Oda ba ta sake ɗaga maganar ba.

Mutuwar Gisla ta tsorata Uwa, don haka ta umarci Rikilda ta koya wa dukan matan gidan. Ta koya musu abin da ta rera, don ba ta da wani. Kowace Ista ta tsaya tana jin ana miƙa wa Ubangiji kiran shanu, tana jiran rufin coci ya faɗo.

Ranar da ajalinta ya zo, Oda ce a gefenta. Rikilda ta jawo ta kusa, idanu a zare.

"Hadwig na can tana jira," in ji ta. "Za ta ce in rera mata."